Golmon da Nake Yi wa Saje

Ina gode wa Allah da ya bar mini mijina, ko da yake bai bar mini shi yadda na saba da shi ba. Matan zumuntarmu ta coci ne suka matsa mini in rubuta labarin jinyarsa, wai tunda na tsufa ina koyar da 'yan firamare, alƙalami ba zai yi mini nauyi ba. Ya yi nauyi ƙwarai. Na daure ne saboda wannan ciwo na shanyewar ɓarin jiki ya shiga gidaje da dama a Zuru, kuma duk gidan da ya shiga sai na ji sun maimaita abin da muka yi.

Sunana Rifkatu. Mijina Bawa ne, amma tun da ya ajiye kaki babu mai kiransa da wannan suna, Saje kowa ke cewa, har ni. Shi kuma Malama yake ce mini, musamman in yana neman tsokana. Sai kun san irin mutumin da yake kafin ku gane yadda ciwon ya same shi.

A wajenmu Dakarkari, a zamanin da muka taso, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Golmo yake shiga, wato shi da sa'o'insa su yi wa uban yarinya noma damina bakwai. Ɗan golmo ba ya cewa ya gaji, ba ya cewa yana jin yunwa, ko garma ta sare masa yatsa sai ya shafa ƙasa ya ci gaba. Saje ya yi wa babana damina bakwai a wata gona ta gindin dutse wadda tsakuwarta ta fi ƙasarta yawa. Ni nake kai musu ruwa, ina satar kallonsa, kuma ban taɓa ganin ya miƙe ya dafa ƙugu ba. Daga golmo ya wuce soja, can ma aka ƙara masa karatun da ya riga ya haddace. Mutumin da aka gina haka, ta ina zai buɗe baki ya ce kansa na ciwo? A duk zamanmu ban taɓa jin ya ce wayyo ba, ni kuwa har alfahari nake yi da hakan a cikin mata.

Shekarun baya ma'aikatan lafiya suka zo coci suna auna mutane kyauta. Da ƙyar na ja shi. Matar da ta auna shi ta sake aunawa, ta cire tabarau ta dube shi, ta tambaya ko da ƙafarsa ya zo. Ya ce mata da ƙafarsa ya zagaye ƙasar nan. Ta ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Aka ɗora shi kan magani, ƙwaya biyu kowace safiya, ɗaya ƙarama fara mai sa yawan fitsari. Na san halin kayana, don haka ban bar masa kwalbar ba. Ni nake zuba masa a tafin hannu tare da kokon safe, ya kai hannu baki, ya kora, ya ce, “An cika umarni, Malama.”

Fanshonsa na zuwa, yara sun girma, babu abin da ya tilasta masa riƙe garma. Amma in damina ta faɗi ba ya zama. Shi da abokan golmonsa na dā, tsofaffi masu furfura, har yanzu suna yin gayya, yau gonar wannan, jibi gonar wancan. Manga ne shugabansu, amininsa tun suna yara. Jeruwa suke yi kowa da kunyarsa, makaɗi na biye da su, wanda ya saki layi kuwa ya shiga uku, don a take za a sa shi a waƙa.

Mako guda kafin abin ya faru, ya dawo daga gayyar gonar Manga tun rana ba ta yi sanyi ba, rigarsa sharkaf da ruwa. Ya ce zafi ne ya yi yawa suka tashi da wuri. Da muka zauna cin tuwo, loma ta suɓuce masa, ya sake yankowa ta sake suɓucewa. Na ce ko miyar ce ba ta yi masa ba ya faɗa, ba sai ya ciyar da kaji ba. Ya yi dariya. A kwanakin nan nakan gan shi yana murza ƙeya, in na tambaya sai ya ce matashin kai ne.

Ranar Lahadi da safe muna shirin coci. Yana zaune kan benci a tsakar gida yana ɗaura takalminsa, wanda har yau yake gogewa kamar za shi fareti. Ina madafa na ji bencin ya kife. Na fito na same shi a ƙasa, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Bakinsa ya karkace, yawu na zuba, hannunsa na dama na kwance a gefe kamar ba nasa ba. Idonsa biyu, yana kallona, ya san ni sarai. Yana so ya ce Malama, amma ba ya wuce “Ma”. Na durƙusa na tallafo kansa ina kiran sunansa na yanka, wanda rabona da faɗa tun muna samari.

Yayarsa Kande tana zaune a bayan gidanmu, ita ta fara isowa. Tana ganinsa ta ce iska ce ta buge shi a gindin dutse, kuma wannan ciwo ba ya son allura, duk wanda aka kai asibiti aka soka masa ƙarfe gawarsa ake dawowa da ita. Aka ɗauke shi zuwa ɗaki. Ta aika aka kawo man shanu da tafarnuwa ta shiga mulka masa, ta jiƙa wasu saiwoyi ta ɗura masa a baki. Ya sarƙe, ya yi ta tari har idanunsa suka yi ja, ta ce ciwon ne ke fita. Kafin a jima ɗakin ya cika. Wannan ya ce a kira mai ƙaho, wancan ya ce a tsattsaga yatsunsa jini ya fita, wata ta ce a jira a taso daga coci a zo a yi addu'a tukuna. Kowa da ƙauna ya zo, ban ce akwai mugu a cikinsu ba. Ni kuma da duk karatuna na tsaya a bakin ƙofa kaina babu komai, ana ce mini kawo kaza ina kawowa, har rana ta raba ta fara karkata.

Maƙwabciyarmu Hajiya Asabe, mai sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli, katanga ɗaya ta raba mu. Ta tafi suna tun safe, sai da ta dawo ta ji. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta shigo, ta leƙa ɗakin, ta kamo hannuna ta ja ni gefe.

“Malama, wanga ciwo shi yak kashe maigidana Alhaji,” in ji ta. “Mu ma haka munka zamna muna shafa mai har yac cika. Na kira mai mota, yana bakin ƙofa. Ki tashi.”

Da aka ɗauko shi, Yaya Kande ta tsaya a ƙofa ta baza hannuwa tana kuka, ta ce sai dai a bi ta kanta. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ran nan ma ban ɗaga ba. Na ce mata, “Yaya, ƙaninki ne, na sani. Ni kuma mijina ne. Ki ba mu hanya.” Ta dube ni, ta matsa. Manga ya riga ya iso, shi ya rungume shi a bayan mota har asibiti.

Makon farko a asibiti ba na son tuna shi. Lahadi ce, ma'aikata kaɗan, sai da muka bi layin kati mutum na kwance a kan benci yana numfashi da ƙyar. Duk abin da za a yi masa sai an rubuta an ce je ki sayo, tun daga safar hannu har ruwan da za a ƙara masa. Na yi ƙorafi a ranar, har yau ina yi. Amma in na tuna wata nas da ta bar abincinta ya huce don ta samo mana gado, sai bakina ya mutu.

Likitan matashi ne mai sanyin murya, sa'an ɗana. Ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce tun safe. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, kuma wannan kallon ya fi mini zafi da a ce faɗa ya yi. Daga baya ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce ba iska ba ce. Jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa ce ta toshe ko ta fashe, sashen da jini bai kai ba kuwa mutuwa yake farawa, shi ya sa kowace awa take da tsada. Ya ce hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ne babban mai jawo haka. Ya kuma ce kada a ƙara ɗura wa mai irin wannan ciwo komai a baki, domin maƙogwaronsa ma ya shanye, abin huhu yake wucewa. Akwai maganarsa guda da ta zauna mini daram: “Mama, fuska, hannu, magana. In ɗaya ya canza farat ɗaya, ko da ya dawo daidai, a taho da gudu.”

Sai ya tambaya ko yana shan maganinsa. Na ce kullum, da hannuna nake ba shi. Ina faɗa na ga Manga ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Likita ma ya gani, ya ce, Baba in akwai magana a faɗa.

Nan Manga ya kwance mana komai. Ashe farar ƙwayar nan takan sa Saje ya saki layi ya zagaya bayan ɗorawa ana tsakiyar huɗa, ya dawo, a jima ya sake komawa. Suka sa shi a waƙa, wai Saje ya tsufa, mararsa ta zama ta akuya. Manga ya ce shi da kansa ya fara waƙar, wasa ne irin na abokan golmo. Tun daga nan, in damina ta kama, sai Saje ya kai hannu baki a gabana ya kora koko, ƙwayoyin na maƙale a yatsunsa, in ya fita ya watsar. Da rani yake sha, da damina ya huta. Sannan ranar gayyar gonar Manga ba zafi ne ya tashe su ba. Garma ce ta faɗi daga hannun Saje, bakinsa ya karkace, maganarsa ta koma kamar ta wanda ya sha burkutu. Suka kwantar da shi a inuwa suka zuba masa ruwa, kafin a shanye ƙwaryar kunu ya dawo garau. Da ya tashi ya ce duk wanda ya gaya wa Malama, shi da shi har abada.

Likita ya ce wancan ƙaramin ciwon sallama ya zo yi, da an kawo shi ranar da wataƙila babban bai iso ba. Ya ƙara da cewa maganin hawan jini iri-iri ne, da Saje ya faɗi damuwarsa da an canza masa wanda ba ya kai mutum bayan ɗorawa. Ka ji fa. Magana ɗaya ce da bai iya faɗa ba. Na fita waje na zauna a gindin wata bishiya, ban san ko kuka nake ko fushi ba. Manga ya biyo ni ya tsaya daga nesa, tsoho da furfura yana share ido da hula.

Jiƙon da aka ɗura masa ya sauka a huhu kamar yadda likita ya faɗa. Zazzaɓi ya rufe shi, aka sa masa roba ta hanci ana ba shi kunu ta ciki, aka yi ta allura, allurar nan dai da aka ce tana kisa. A mako na biyu zazzaɓin ya sauka, aka tura mu Sakkwato a ɗauki hoton kansa. Tafiyar ta ci bijimin da muke kiwo da rabin dawar da ke rumbu. Ɗanmu Istifanus, wanda shi ma soja ne yana can bakin daga, ya turo abin da ya samu, matan zumunta suka haɗa nasu, Hajiya Asabe ta ƙulle nata a bakin zane ta tura mini ba ta ko bari na yi godiya ba. Hoton ya nuna toshewa ce, ba fashewa ba. Aka canza masa magunguna, aka cire robar hanci da ya fara iya haɗiya, a ƙarshen mako na uku aka ce mu koma gida mu riƙa zuwa gashi, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye.

Na ɗauka mun haye. Ashe a gida jinyar take.

Saje bai iya tashi, bai iya juyawa. Ni nake yi masa wanka, ni nake sa masa fo in ɗauke, ina juya shi gefe zuwa gefe kada bayansa ya yi gyambo. Duk lokacin da na zo da ruwan wanka sai ya rufe ido ya juya fuska bango. Mutumin da ya watsar da magani don kada a ga ya je fitsari, yau ga shi matarsa ce ke share shi. Na san abin da ke cinsa, amma ban san ya kai haka ba sai da ya daina cin abinci. In na kawo cokali sai ya datse haƙora, ya ture da hannun hagu. Magani ma haka. Mai gashin, wata mata mai haƙuri, ta zo har gida, ya ƙi ba ta hannu. Ta ja ni waje ta ce watannin farkon nan su ne na dawo da ƙafa da hannu, in suka wuce yana kwance gaɓoɓin sandarewa za su yi, kuma ita ba ta iya tayar da wanda bai so tashi ba.

'Yarmu Talatu ta zo daga Kontagora da goyonta. Ta durƙusa ta roƙe shi, ta ɗora masa jikarsa a ƙirji, ya rufe ido. Fasto ya zo. Manga kuwa kullum yana zaure, bai da ƙarfin halin shiga. Masu dubiya suna ta zuwa, kuma a nan ina da ƙorafi. Sai mutum ya tsaya a kansa ya ce, Allah sarki, Saje ya ƙare, kamar gawa yake wa magana. Jama'a, mai wannan ciwo yana ji. Bakinsa ne ya kama, kunnensa na nan. Da na gaji sai na ajiye kujera a ƙofar ɗaki, duk wanda ya zo mu gaisa a nan ya juya, aka yi ta cewa Malama ta yi girman kai.

A mako na biyar ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Kalmomi kaɗan sun fara dawo masa, kuma da su ya yi amfani wata safiya da na shigo da kunu. Ya dube ni, ya tattaro ƙarfinsa, ya ce, “Bar ni.” Ya huta. Ya ce, “In tafi.”

Na gane inda yake nufin tafiya. Na ajiye kwanon a ƙasa, na zauna a bakin gado, na kamo hannun nan na dama da ba ya ji, na ɗora a cinyata. Duk kantar garma na nan a tafinsa. Ban shirya abin da zan faɗa ba, haka ya fito.

“Saje, damina bakwai ka yi a gonar babana. Na ga ranar da dutse ya fasa maka ɗan yatsa, ka ci gaba. Ka taɓa jin kunya don kana duƙe a gonar wani saboda ni? Babana ya taɓa korarka kafin ka gama? To ni ma golmo na shiga. Bakwai ka yi mini, bakwai zan yi maka, ko wata biyu ban cika ba. Ba ka da ikon sallamata. In ka tafi yanzu, ka sa an yi mini waƙa a gari ke nan, a ce Rifkatu ta saki layi.”

Hawaye ya gangaro masa ya shiga kunne, na share da bakin zanena. Kunun ya huce, na fita da shi. Da rana na dama wani na kawo, na miƙa cokali ba tare da na sa rai ba, sai ya buɗe baki. Ba zan rantse cewa maganata ce ta yi aiki ba, wataƙila yunwa ce ta ci ƙarfinsa. Na dai ba shi har ya shanye, na fito tsakar gida na kifa kai a jikin turmi na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Daga nan aiki ya fara, kuma aiki ne mai cin rai. Mai gashi ta koya mini yadda zan lanƙwasa masa hannu da ƙafa in miƙe, safe da yamma. Na kira Manga na ce zaman zaure ya isa, ya shigo ya yi wani abu. Ya kafa gora biyu a tsakar gida, Saje ya riƙa dafawa yana jan ƙafa, Manga na biye da shi yana riƙe da ɗamararsa. Ranar farko da suka haɗa ido, sai Saje ya ɗaga hannun hagu ya doke shi a kafaɗa, shi ke nan an shirya. Hajiya Asabe ta riƙa turo gyaɗa a faranti wai ya taya ta ɓara. Yini guda yakan ɓare abin da bai cika tafin hannu ba, ita kuwa ta aiko da ƙuliƙuli ta ce ladan ma'aikaci ne. Magana ta fi wuya. Wani abin mamaki, ranar da matan zumunta suka zo suka yi masa waƙa, sai na ji yana bi, kalmomi na fita sumul, alhali in ka ce ya faɗi sunan jikarsa sai ya yi ta fama. Mai gashi ta ce haka abin yake, mu riƙa yi masa waƙa. Ni da muryata ba ta da daɗi, haka ya jure.

Tukunyata ma ta canza. Na rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, na ƙara daddawa da ganye, na janye soye-soye da kitse. Tabar garin da yake cusawa a leɓe na zubar a masai. Ranar farko da ya ɗanɗana sabuwar miyar ya dube ni ya ce, “Hukunci.” Wannan ce doguwar kalma ta farko da ya faɗa daidai, don haka ban ji haushi ba. A layin asibiti na wata-wata, inda muke kai shi tun da sassafe mu dawo da la'asar, na ce bari ni ma a auna ni. Ashe nawa ma ya hau, ni da nake tsaron wani. Yanzu tare muke sha, kuma sai ya buɗe baki na duba ƙarƙashin harshe. Yaya Kande har gobe tana gaya wa mutane man shanunta ne ya tayar da shi. Na bar ta, har nakan ba ta ƙafarsa ta mulka, tunda shafa ba ta cutarwa. Abin da na hana shi ne ɗuri. Ita ma na lallaɓa ta an auna ta, tana shan nata, tana cewa don kada in yi fushi ne.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa jarumai suke raina shi. Ku je a auna ku ko kuna jin ƙarfi. In an ɗora ku kan magani, ba a hutu, babu rani babu damina, in kuma ya dame ku ku koma ku faɗa a canza. In fuska ko hannu ko magana ta canza, kada a tsaya neman mai, kada a ɗura komai, a nemi mota. Ku kuma mazanmu na ƙasar Zuru, mun san ku jarumai ne, mun gani tun kuna samari. Ku riƙa faɗa mana in wani wuri na ciwo. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, na gida da na asibiti, ya ƙara wa masu jinya ƙarfin baya.

Saje bai koma yadda yake ba. Yana tafiya da sanda yana jan ƙafar dama, hannun kuma yana riƙe kofi amma ba zai ƙara riƙe garma ba. Maganarsa gajera ce, sai ya nemo kowace kalma. Abin da ban sani ba, har damina ta zagayo, shi ne ko ya yarda da zaman ne, ko kuwa don kada in ji kunya yake daurewa. Ɗan golmo ya iya daurewa, wannan na sani, kuma shi ne abin da ke tsorata ni.

Da ruwa ya zauna bana, Manga ya kira gayya a gonarmu. Saje ya ce sai an kai shi. Na so in hana, ina tsoron ya ga garma a hannun wasu zuciyarsa ta karye, amma ya riga ya sa na goge masa takalmi. Aka kai shi a keke mai ƙafa uku, muka ajiye masa kujera a inuwar ɗorawa. Da na zuba masa ƙwayoyinsa a hannu, sai ya ɗaga su sama yadda duk masu gayya za su gani, ya watsa a baki, ya kora da ruwa, ya buɗe baki ya nuna musu harshe.

Aka jeru, kiɗa ya tashi. Ana tsakiyar huɗa sai Manga ya kafa garmarsa a ƙasa ya miƙe. Shi ma an auna shi, kuma farar ƙwayar nan ce aka ce ta dace da shi. Ya juyo ya ce da ƙarfi, “Ni za ni fitsari. Mai waƙa ya yi.” Ya taka a hankali ya zagaya bayan wata bishiyar kargo. Makaɗin ya ci gaba da kiɗansa, babu wanda ya ɗaga murya ya yi masa waƙa. Sai na ji wani sauti a gefena, na juya. Saje ne ke dariya da rabin bakinsa, kafaɗarsa na rawa, rabona da jin dariyar nan tun ranar da loma ta suɓuce masa.

Da ya lafa, ya daɗe yana kallon kunyoyin da ake tayarwa. Sannan ya taɓa ni da sandarsa.

“Malama.”

“Na'am, Saje.”

“Damina... nawa... kika yi?”

Na ce, “Ɗaya.”

Ya gyaɗa kai, ya gyara zama a kujera kamar mai duba fareti.

“Saura shida,” in ji shi.

Na juya na ɗauko gorar ruwa don kada masu gayya su ga fuskata. Na zuba masa a kofi, ya karɓa da hannun dama.